Jana'izar da Na Yi wa Littafi a Gharrafa

Abu na farko da Doha ta yi mini shi ne mari. Ina sako ƙafa waje daga filin jirgi iska ta kwaɗa mini tafi a fuska, zafi kamar an buɗe murfin tukunyar ɗanwake. Ni da na taso a Haɗeja, inda rana ke soya ƙwai a kan kujerar babur, ranar na gane ashe tamu ranar 'yar koyo ce.

Sunana Nafi'u, shekaruna goma sha tara a lokacin. Mahaifina marubucin Alƙur'ani ne, da hannu, da alƙalamin da shi yake fiƙewa da tawadar da shi yake dafawa. Na gaji hannunsa, amma ban gaji zamansa ba. An kore ni daga makaranta biyu, an kore ni daga shagon tela saboda na ɗinke wa wani mai fankama ƙafar wando. Da wani dillali ya zo ya ce akwai attajiri a Ƙatar da ke neman yaro mai kyawun rubutu, Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in na cika shekara biyu ba a koro ni ba, zai yarda na zama mutum. Wannan maganar ce guzurina. Ita kaɗai na zo cikawa.

Masaukina a unguwar Najma ne, ɗaki ɗaya mu takwas, gadaje hawa-hawa kamar akurkin kaji. An ba ni na can sama, inda in ka yi atishawa sai goshinka ya gaisa da silin. A ƙasana akwai Baba Seidu, dattijo daga zangon Kumasi, direba ne a gidan da zan yi aiki. Shi ya fara ba ni abinci a ƙasar nan, shinkafa da wake da yaji mai sa mutum ya tuna zunubansa.

"Ɗana, me suka ce maka za ka yi?"

"Rubutu, Baba. Ni marubuci ne."

Duk ɗakin aka fashe da dariya. Wani daga gadon ƙarshe ya ce shi ma matuƙin jirgi aka ce masa, ga shi yana gadin kanti shekara huɗu.

Washegari Baba Seidu ya kai ni gidan da zan yi aiki, a unguwar Gharrafa. Gida ne da in ka ɓata a cikinsa sai an yi cigiya a rediyo. Wanda ke kula da ma'aikata, kowa Mudir yake ce masa, gajere mai tumbi, yana tafiya kamar agwagwar da aka yi wa albishir. Ya miƙo mini riga mai ruwan toka, ya miƙo tsintsiya mai dogon hannu. Na tattaro ɗan Larabcin da na tsinta a zauren Baba na ce masa ni fa don rubutu aka kawo ni.

Ya nuna tsintsiyar. "Ga alƙalaminka." Ya nuna tsakar gida. "Ga takardarka. Yalla, maza."

Na kira dillalin nan sau talatin, wayarsa ta mutu mutuwar da babu tashi. Takardar zamana kuwa a hannun kafil take, wato maigidan da ya ɗauki nauyina, wanda ko inuwarsa ban gani ba. Sai na kama shara. Da Baba ya kira daga gida na ce masa aiki lafiya, ana ta rubutu. Ban yi ƙarya duka ba, kullum ina rubuta sunana da yatsa a ƙurar motocin maigida.

Hali zanen dutse. Cikin wata guda na zuba wa mai minsharin ɗakinmu gishiri a shayi, na ɓoye takalmin mai dafa abinci a cikin tukunya, na koyi tafiyar Mudir har ta fi tasa kyau. Abin da ban sani ba, gidan nan kyamarori sun fi ƙadangarun Haɗeja yawa. Mudir ya kira ni ya nuna mini kaina a allo ina tafiyar agwagwa a bayansa. Ya ce saura kuskure ɗaya. Baba Seidu ya ja kunnena a mota har gida, yana tuƙi da hannu ɗaya.

A wata na uku aka ƙara mini sharar wani ɗaki a bene na sama. Sanyinsa kamar cikin randa, babu taga ko ɗaya. Maigida ashe mai tara tsofaffin littattafai ne, na hannu, kuma yana da wani tsoho Ba'afgane mai gyara su, Ustaz Rahim. Siriri ne, gemunsa fari, tabarau biyu yake ɗorawa ɗaya kan ɗaya. Ranar farko ya ce kada tsintsiyata ta matso teburinsa da kamu uku. Na ce to. Rana ta biyu ina tsaye a kansa.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ni ɗan gidan rubutu ne. Takarda mai santsi kamar an shafe ta da man shanu. Rubutu siriri a jere gida biyu, kowane layi yana gangarowa kamar zai zame ya faɗi, amma ba ya faɗuwa. A gefe an yi zayyana da ruwan zinariya da wani shuɗi mai zurfi, ganyaye suna naɗe juna, tsuntsaye, barewa ta waiwayo. A wani shafin har hoto, mutane masu ƙananan idanu zaune a lambu, kowanne bai fi ɗan yatsana ba, amma ana ƙirga gashin gemunsa. Na sa ido zan karanta. Haruffan duk na san su, alif ne, ba ne, sin ne, amma na haɗa su suka ƙi zama magana. Kamar ka haɗu da yayanka a kasuwa ya buɗe baki ya yi maka yaren da ba ka taɓa ji ba.

"Farisanci ne," in ji Ustaz. Da guntun Larabci muke magana, nasa mai ɗingishi, nawa mai rarrafe. "Waƙa ce."

"Waƙa? Duk wannan zinariyar?"

"Waƙa."

"Me take cewa?"

Ya ce wani ne yake kuka saboda masoyiyarsa ta wuce ba ta kalle shi ba. Na tambayi shafi na gaba. Ya ce har yanzu yana kukan. Na ɗaga kusan rabin littafin da ido na ce nan fa? Ya ce nan ya fara yi wa iska magana ta kai mata saƙo.

Na ce, "Ustaz, a garinmu wannan ruƙiyya za a yi masa."

Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ɗaya. Sannan ya ce masu ilmi sun ce masoyiyar ba mace ba ce, Ubangiji ake nufi. Na ce to ai sai ya faɗa tun farko ya hutar da marubuci.

Ranar da ya ga na ɗauki guntun karansa na fiƙe da reza, ya karɓa ya jujjuya, ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ba shi labarin Baba. Ya turo mini takarda ya ce rubuta. Na zage na yi masa irin namu, baƙi mai kauri, kowane harafi zaune daram.

"Kai gini kake yi," ya ce. "Katanga mai kyau. Ba za ta faɗi ba. Amma mu ba ma gini, rawa muke yi."

Daga ranar, in na gama shara sai ya ba ni kwatan awa guda. Ya nuna mini yadda ake karkata bakin alƙalami, yadda ake ja da numfashi ɗaya, yadda ake auna tsawon harafi da ɗigo. Harafi ɗaya na yi mako uku ina yi, mai ciki kamar ƙwarya. Kullum sai ya ce nawa cikin mai kwashiyoko ne. Yana ba ni busasshen inabi daga aljihunsa, yana kirana da wata kalma tasu da ya ce ma'anarta ɗan ƙaramin shaiɗan. A duk Doha wannan kwatan ne kaɗai nake jin ni ɗan wani ne. Har tsokana na rage. Baba Seidu ya taɓa goshina ya ce ko zazzaɓi nake.

Sai na faɗi wani abu game da gidan nan, don a fahimci abin da ya biyo baya. Ba su san gyara ba sai a ɗakin Ustaz. Komai ya ɗan sami tabo, bola. Na ga an zubar da rago guda gasasshe don baƙi ba su zo ba. Na ga an fitar da talabijin don kusurwarsa ta ɗan ƙwarzane. Ni ke kwashe shara, saboda haka babu ledar da ke wucewa ban leƙa ba. Rabin kayan ɗakinmu na Najma daga nan suka fito, har da agogon bango mai kukan tsuntsu da ya hana mu barci sati biyu.

Wata Juma'a da safe, ina wata na bakwai, Mudir ya ce in kwashe duk ledojin da ke ƙofar baya kafin masallaci. Guda biyar ne, baƙaƙe. Ta biyar ba nauyi, an naɗe bakinta da salatif sosai. Na ce yau kuma me Allah Ya kawo? Na farke.

Littafi ne. Ba bango, gefensa duk ya zama gari, ƙwari sun huda shi kamar rariya, har na ga wasu ƙanana suna gudu a tsakanin takardu. Na ɗaga shafin farko. Rabin sama duk zinariya da shuɗi, kamar ƙofar masallaci, a tsakiya kuma da farin rubutu, Bismillahir Rahmanir Rahim. Wannan kam ba sai an fassara mini ba. Na duba gaba, waƙa ce irin tasu, amma nan da can ga sunan Allah, ga sunan Annabi. Kuma ga shi jingine da ledar ƙasusuwan kifi.

A gidanmu ko guntun takarda ka gani a ƙasa da harafin Larabci, ɗauka kake yi ka sa a ramin katanga. In takardun Baba suka tsufa suka ƙi karantuwa, yakan naɗe su a farin ƙyalle ya kai inda ƙafa ba ta takawa ya binne. Na raka shi ya fi sau goma, ni ke riƙe fartanya. Na ce lallai Ustaz ya duba ya ga wannan ya wuce gyara, su kuma mutanen gidan suka yi abin da suka saba.

Ustaz ba ya zuwa Juma'a da Asabar, kuma ba ni da lambarsa. Na sami Baba Seidu yana wanke mota na nuna masa.

"Innalillahi," ya ce. "A shara?"

"A shara, Baba. Kusa da kifi."

"Ka tambayi Mudir mana."

"In ce masa me? Na farke leda? Saura kuskure ɗaya fa ya ce. Kuma cewa zai yi in zubar."

Ya matse soso. "Sunan Allah dai ba ya shiga motar bola. Wannan kam ko a Kumasi."

Bayan an sauko daga masallaci gidan ya yi tsit, kowa ya shige sanyi. Na ɗauki shebur ɗin mai lambu na tafi can ƙarshen katanga, ƙarƙashin wata bishiya mai jan fure, inda ba mai bi. Ƙasar wurin laushi gare ta, na ji daɗi. Na haƙa rami har gwiwa. Na cire littafin daga leda, domin ba a binne abu mai daraja a leda, sai a bar ƙasa ta karɓe shi da tsabta. Na naɗe shi da farar rigata ta Juma'a, ita ke nan gare ni mai kyau. Na sa, na rufe, na daddale, na yi addu'a. Wallahi har ƙwalla na yi. Tunda aka haife ni ban taɓa jin na yi abu daidai kamar ranar ba.

Da yamma na kira Baba na ba shi labari, na ƙara gishiri kaɗan, na ce da ƙyar na ƙwato shi daga bakin motar shara. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, Nafi'u." Na ji yana kiran Inna yana maimaita mata. Ranar ko gadon sama bai dame ni ba.

Lahadi da safe na tarar da gidan a hargitse. Ustaz yana tsaye a ƙofar baya ba tabarau ko ɗaya, yana tambayar kowa baƙar leda. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba. Littafin sabon saye ne, ya fi duk na ɗakin tsufa. Ƙwari ne a cikinsa, kuma maganinsu shi ne a rufe littafi a leda a sa a firiza kwanaki, sanyi ya kashe su. Ustaz ya naɗe shi ranar Alhamis ya ajiye wa wanda zai kai shi inda babbar firizar take, shi kuma bai zo ba.

Firiza. Littafi a firiza, kamar kaza. Wa zai kawo wannan a ransa?

Kafin in buɗe baki Mudir ya riga ya duba kyamara. Ga ni nan a allo, leda a hammata, ina waige-waige, na nufi bayan gida.

"Ɓarawo!" ya ce. "Ka ɓoye ne ka dawo ka ɗauka. Wa zai saya? Faɗi!"

"Ban sata ba. Binnewa na yi."

"Ka yi me?"

"Yana nan lafiya. Ku zo ku gani."

Har da ɗan murmushina na yi gaba suna bina. Sai da muka kusa bishiyar na ji takalmina yana nutsewa. Wurin ya jiƙe sharkaf. Ashe a cikin ƙasar lambun akwai ƙananan famfuna a ɓoye, su ke tashi da kansu safe da yamma su yi feshi. Ni ban taɓa zuwa can a lokacinsu ba. Laushin ƙasar da na yi murna da shi, dalilinsa ke nan. Ƙasar da ba a ruwan sama, ni na samo wuri ɗaya tilo da ake damina sau biyu a rana.

Na haƙa da hannu. Rigata ta fito, ba fara ba kuma, shuɗi da baƙi da ja sun rine ta. Na buɗe. Takardun sun manne sun zama curi ɗaya kamar tuwon da ya kwana. Tawada ta narke ta bi ko'ina. Zinariyar tana yawo a cikin taɓo, 'yan ƙanana, tana ƙyalli a yatsuna.

Ustaz ya durƙusa a cikin caɓin nan da farin wandonsa. Bai yi ihu ba. Ya sa hannu biyu ya karɓa kamar jariri, ya yi ƙoƙarin ɗaga shafi ɗaya, ya biyo yatsansa kamar fatar madara. Sai ya bari.

"Ustaz, na ga Bismillah ne," na ce. "Kusa da kifi. A garinmu..."

"Na sani," ya ce, bai kalle ni ba. "Na san ba ka sata ba. Da ɓarawo ne kai, da yanzu littafin yana raye."

Mudir ya tambaya ko akwai wanda ya san na yi haka. Na dubi Baba Seidu. Yana tsaye a baya yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganinsa. 'Ya'ya biyar gare shi a Kumasi. Na ce babu.

Ranar ce na fara ganin maigida, kuma ita ce ta ƙarshe. Dogo, farar riga ko lanƙwasa babu. Ya tsaya a kan siminti don kada ya taka ruwa, ya dubi abin da ke hannun Ustaz, ya dube ni kamar yadda ake duban ƙuda a cikin miya. Mudir yana ta maganar 'yan sanda. Ustaz ya miƙe ya yi magana mai tsawo, na tsinci kaɗan: shi ne bai rubuta komai a jikin ledar ba, shi ne ya ajiye ta inda ake ajiye shara, yaron jahili ne amma ba mugu ba. Jahilin ya yi mini zafi, amma shi ya hana ni kwana a caji ofis. Maigida ya ɗaga hannu.

"Khalas," ya ce, wato shi ke nan. Ya juya.

Kalma ɗaya, wata bakwai suka tashi a banza. Aka soke takardata, aka ce jirgina nan da kwana uku. Na roƙi a bar ni in hau sama in yi wa Ustaz sallama, Mudir ya ce ko inuwata ta ƙara taka matakalar nan sai ya kira hukuma. Ban sake ganin Ustaz ba. Ban san ko shi ma sun bar shi a aikin ba.

A Najma ba wanda ya tsokane ni, abin da ya fi tsokanar ciwo. Mai minshari ma shayi ya haɗa mini, ba gishiri. Ana gobe zan tafi Baba Seidu ya ɗauke ni zuwa kasuwar Souq Waqif da la'asar, wai kada in koma ban ga gari ba. Muka bi lunguna, masu turare, masu tsuntsaye, tsofaffi masu tura baro. Ya saya wa Inna turaren wuta. Muka zauna a wani benci.

"Ɗana, da na yi magana..."

"Da mu biyu za mu hau jirgin, Baba."

"Duk da haka." Ya share fuska da hularsa. "Ka yafe mini."

Na ce na yafe. A lokacin bakina ne kawai ya faɗa.

Saura abu ɗaya, shi nake ta ɗagawa. Na matsa gefe na kira gida. Na gaya wa Baba komai, wannan karon ba gishiri: tsintsiya, firiza, famfunan ƙasa, jirgin gobe. Na jira faɗa. Na ma shirya amsa, zan ce ai abin da ya koya mini na yi.

Bai yi faɗa ba. Ina jin kukan awakinmu a bayansa.

"Da hannu aka rubuta shi?"

"Da hannu, Baba."

"Duka?"

"Duka. Ustaz ya ce irinsa mutum yakan yi shekaru yana yi."

"Akwai wani irinsa?"

"Ya ce babu."

Na ji ya ja numfashi. "Yaya hannun marubucin yake?"

Ni da ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba, ranar na neme ta na rasa.

"Baba, ya fi naka."

Na duba wayar ko ta yanke.

"Shi ne ka zuba masa ƙasa," ya ce a hankali. Sannan na ji ya ce, "Ungo, ɗanki ne," ya miƙa wa Inna wayar.